Ƙwayar Asuba, Abincin Hantsi

Shekarar da na gama sakandare ban samu shiga makarantar koyon aikin jinya ba, sai na ce ai ba zan zauna a gida ina tsintar shinkafa har wata shekara ba. Akwai wani ƙaramin asibiti a kan hanyarmu ta Gwarzo zuwa Kabo, ɗaki uku da baranda, ma'aikaciyar jinya ɗaya ce ke riƙe da shi, kowa Sista yake ce mata. Na je na roƙe ta ta bar ni in riƙa taya ta aiki. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Me kika iya?"

Na ce, "Karatu."

Ta ce, "Shara fa?"

Da shara na fara. Kuma a sharar nan na tsinci makarantata. Kun san 'yar takardar nan da ake ninkewa a cusa cikin kwalin magani, mai ƙananan rubutu kamar tururuwa, wadda kowa ke yarwa? Wallahi komai na ciki. Me maganin yake yi, wa zai sha, wa ba zai sha ba, me zai faru in aka haɗa shi da wani. Na dinga tsince su ina gogewa ina tarawa a tsohuwar jakar makarantata. Kalmar da ta fi ƙarfina in duba a waya, in rubuta ma'anarta da Hausa a gefe. Kafin wata uku na ishi kowa a gidanmu. Innarmu ba ta isa ta sha maganin ciwon kai ba sai na tsaya mata a ka ina bayanin hanta. Sista kuwa ta sa mini suna Farfesa, har masu zuwa awo suka ɗauka sunana ne na yanka.

Da ta ga abin nawa ba na ƙarewa ba ne, sai ta ba ni benci a baranda. Ita za ta duba mara lafiya ta ba shi magani, ni kuma in zaunar da shi in yi masa bayanin yadda zai sha, tana jina ta taga. Doka ɗaya ta kafa mini. Ta ce, "Mutanenmu ba sa ce wa mai farar riga ban gane ba. 'To' kawai za su ce miki, su je gida su yi abin da suka ga dama. Kada ki saki kowa sai ya maimaita miki abin da kika faɗa da bakinsa."

Ni kuma na ƙara da dabarata, wadda har yanzu ina ganin ba ta da laifi in an san inda za a sa ta. Na lura in ka ce wa mutumin ƙauye ƙarfe takwas da ƙarfe biyu, bai ɗaura agogo ba, ka yi aikin banza. Amma babu wanda bai san lokacin salla ba. Sai na daina maganar ƙarfe. Na safe ya koma bayan asuba, na rana bayan azahar, na yamma bayan magariba. Har zane nake yi a jikin ambulan ɗin magani, rana tana fitowa, rana a tsaka, ga ɗan kwano a gefe in da abinci ake sha. Mutane suka ji daɗin abin. Ni ma kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Farkon damina aka kawo mana wani dattijo daga Dugabau. Babban ɗansa ne ya ɗauko shi a babur. Likita a Gwarzo ya gano yana da ciwon suga, ya ɗora shi a kan ƙwaya ɗaya kullum da safe, aka ce ya riƙa karɓa a wajenmu tunda mun fi kusa. Tsoho ne siriri, dogo, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Yana zama a bencina ya ƙare mini kallo ya ce, "Au, wannan ce likitar? Ai wannan amaryata ce. Yarinya, ina kika shige nake ta nemanki?"

Na ce, "Baba, ni mai haƙora nake so."

Ya buɗe baki ya nuna mini. "Ga su nan guda shida, duk masu aiki. Samarin naku masu talatin da biyu me suka taɓa nomawa?"

Daga ranar muka ƙulla. Shi ya ce amarya, ni in ce ango.

Na zage na yi masa bayani. Na ce wannan ƙwayar tana saukar da suga, guda ɗaya kullum bayan asuba, da abin kari. Ya rage zaƙi, ban da suga a koko, ban da lemon kwalba. Na zana masa rana da kwano. Ya juya ambulan ɗin ya ce, "Wannan kwanon ne ko kunkuru?" Na ce ya maimaita mini. Sai ya gyara zama, ya harɗe hannu a ƙirji kamar mai ba da hadda, ya rero mini da murya: "Guda ɗaya, bayan asuba, da abin kari, ban da suga, ban da lemo." Bai tsallake ko harafi ba. Na tafa masa. A raina na ce ga ɗalibi na gari, da ma duk haka suke.

Sati uku da wani abu suka dawo, ba ranar da aka ba su ba. Wajen azahar ne. Wannan karon su uku ne a babur biyu: Baba, babban ɗan, da wata mata mai goyo riƙe da leda. Matar ba ta hau baranda ba. Ta wuce gindin darbejiya ta tsaya, ta juya mana baya. Ban tambaya ba na gane suruka ce, matar babban ɗan, don haka ake yi a wajenmu. Ba ta zama inda uban mijinta yake, ba ta haɗa ido da shi, balle ta buɗe baki a gabansa.

Ɗan ne ya yi magana. Ya ce Baba ya faɗi a gona. Kuma wannan ne na biyu, na farkon ɓoye musu ya yi, sai da maƙwabcin gona ya tona. Yau kuwa a kwance aka same shi tsakanin kunya, ya jiƙe sharkaf da gumi, yana magana ba kan gado. Suka ɗura masa fura, ya dawo hayyacinsa, suka ɗauko shi.

Sista ta soki yatsansa ta gwada suga, lafiya lau. Ta auna jini, shi ma ba laifi. Ta ce, "Baba, kana shan maganin?"

"Kullum. Tambayi amarya, na fi ta haddacewa."

"Abinci fa, kana ci?"

"Ina ci mana. Ni da ake kai mini har gona."

Sista ta buɗe baki za ta ƙara tambaya kenan aka shigo da mai naƙuda, ana ta salati. Ta ce su jira ta, ta shige ɗakin haihuwa.

Muna zaune a baranda ɗan ya juyo wajen uban, cikin ladabi amma ka ji murya ka san an gama shawara tun a gida. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, daga yau ka gama da gona. Girma ne ya zo. Ranar Juma'a zan miƙa wa ƙanina gayaunar nan ya ƙarasa noman. Ba za mu zauna a ce an tsinci ubanmu a cikin dawa ba."

Gayauna ita ce 'yar gonar da mutum ke ware wa kansa, ban da babbar gonar gida. Ta Baba tana bayan gari, tun yana saurayi yake nomanta. 'Ya'yan sun daɗe da karɓe masa babbar, ita kaɗai ta rage a hannunsa.

Baba ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Da ɗan ya tashi ya je gyara tsayuwar babur, sai tsohon ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Amarya, in suka raba ni da gonar nan, tabarma ce ta rage mini a ƙofar gida, in riƙa korar kaji ina amsa sallama. Ki duba cikin takardun nan naki ko akwai inda aka ce tsoho bai ƙare ba."

Na ce bari in karɓo ledar maganin in gani ko ya lalace ne. Na sauka na nufi gindin darbejiya.

Na gaishe ta, ta amsa ba ta juyo ba, ta miƙo ledar ta gefe. Na duba, ƙwayoyin lafiyarsu ƙalau, kuma adadin da ya rage ya nuna bai taɓa tsallake rana ba. Zan juya kenan ta riƙe mini gefen hijabi.

Ta ce, "Malama, zan faɗa miki magana, amma don Allah kada ki ce ni na faɗa."

Na ce, "Ina jin ki."

Ta ce tun rasuwar uwar mijinta ita ke yi wa Baba girki. Da damina yana idar da sallar asuba yake saɓa fartanya ya fita, don ya ci aiki kafin rana ta yi zafi. Ita kuma sai hantsi take kai masa abinci, ta ajiye a gindin ɗorawa ta ƙwanƙwasa murfin kwano ta juyo. Ta ce, "Tun da ya fara maganin nan, in na leƙa ta bayan itace sai in ga ludayi na rawa a hannunsa. In ya ci kuma sai ya miƙe garau. Ranar da ya fara faɗuwa, ruwa ne ya jiƙa mini itace, ban kai ba sai da rana ta take. Yau kuma injin niƙa ne ya lalace."

Na ce, "Kafin ya fita ba ya shan komai? Ko koko?"

"Da yana sha. Tun da kuka hana shi suga ya daina. Ya ce koko babu suga horo ne, shi kuwa bai yi laifin komai ba."

"Kin gaya wa maigidanki?"

"Na gaya masa. Ya ce ke kin fi asibiti ne? Na yi shiru. Kuma in na matsa, cewa za a yi ni na bar tsoho da yunwa."

Na san wannan. Yana cikin takardar kwalin, na karanta ya fi sau goma, har na ja layi a ƙarƙashi da jan biro. Irin wannan ƙwayar in aka sha ciki babu komai, aka kuma kama aikin ƙarfi, suga sauka yake yi har ya wuce ƙasa: gumi, rawar jiki, jiri, mutum ya faɗi. Furar da suka ɗura masa ita ta tashe shi, ita ce kuma ta sa gwajin Sista bai nuna komai ba. Ni na ce masa bayan asuba. Na ce da abin kari, gaskiya ne, amma ban tambaye shi yaushe yake karin ba. Shi kuma mutum ne da ba ya wasa da lokacin salla, ya riƙe asubar gam, abincin kuma a ganinsa ai yana tafe, duk safiya ce.

Sai da jariri ya yi kuka Sista ta fito tana wanke hannu a bokiti. Na matsa kusa na zayyana mata komai. Na ce, "Sista, ni ce na kayar da shi."

Ta ci gaba da cuɗa sabulu. Ta ce, "Farfesa, a gidanku ƙarfe nawa ake karyawa?"

"Bakwai. Wani lokaci kafin nan."

"A gona fa?"

"Ban taɓa zuwa gona da safe ba."

"Duk takardun nan naki babu wadda aka rubuta a Dugabau?"

Na ce babu. Hawaye ya taho mini. Ta watsa mini ruwan hannunta a fuska ta ce, "Ajiye kukan, ba mu da lokacinsa. Ni ma ina jin ki ta taga ranar, ban ce komai ba, kin ga mu biyu ne. Da ma can abin da nake shirin tambayarsa kenan aka kira ni. Yanzu wa ke ba shi abinci?"

Na nuna gindin darbejiya. Na ce amma ta roƙe ni kada a ambace ta, kuma ko da tsiya ba za ta shigo inda yake ba.

Sista ta ce, "Wa ya ce sai ta shigo? Taga me take yi?"

Haka aka tsara zaman. Baba a kan benci a cikin ɗakin duba marasa lafiya, bayansa jingine da bango, ɗansa a gefe. Surukar a waje, ta tsuguna ƙarƙashin taga, babu mai ganin wani. Ni kuma a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, kamar mai tsaron iyaka.

Sista ba ta ambaci kowa ba. Ta ce, "Baba, ba ni labarin safiyarka. Daga buɗe ido har ka sa loma a baki. Kada ka tsallake komai."

Ya ce, "Har da shiga bayi?"

"In da labari a ciki."

Ya fara. Alwala, masallaci, ya dawo ya zaro ƙwaya daga aljihun da yake sa carbi, ya kora da ruwan buta. Ya saɓa fartanya. Ya yi kunya kaza kafin rana ta fito, kunya kaza kafin raɓa ta bushe.

"Abincin fa, yaushe?"

Sai ya ɗaga murya, yadda duk wanda ke bayan bango zai ji. "Da hantsi. A kan lokaci. Ba a taɓa makara mini ba ko sau ɗaya."

Can sai muka ji 'yar murya daga ƙarƙashin taga, ni take wa magana: "Malama, a ce wa su Baba sau biyu na makara."

Na juyo ciki na ce, "Baba, an ce sau biyu aka makara."

Ya harare ni. "Na ji, kunnena bai tsufa ba. A ce wa na waje itace ne ya jiƙe, ba ita ta yi ruwan sama ba. Injin kuma ba na ubanta ba ne."

Na leƙa waje na ce, "An ce ba ke kika yi ruwan sama ba."

"A ce na gode. A ce kuma hannunsu na rawa kullum kafin su ci, ina gani."

"A ce wa na waje ashe leƙena ake yi ta bayan ɗorawa."

Sista ta kasa riƙe dariya, ta juya tana gyara kwalaben da ba su buƙaci gyara ba. Ɗan kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, don ya san an taɓa gaya masa wannan maganar a ɗaki ya watsar.

Daga nan Sista ta ce in yi bayani, tunda ni na ɓata. Na tsaya a tsakiyar ƙofa yadda ciki da waje za su ji. Na ce, "Baba, ba tsufa ne ya kayar da kai ba. Ni ce. Na ce ka sha bayan asuba, ban tambaye ka yaushe kake ci ba. Wannan ƙwayar ba ruwanta da lokacin salla, abinci take bi. In ta shiga ciki ta tarar babu kowa, sugan jikinka take kamawa ta yi ta ja har ka faɗi."

Ya ce, "Amarya, ashe kashe ni kika so yi ki ci gado? To fartanya ce da buta, sai haƙora shida."

Na ce, "Ka yafe mini, ango."

"Zan duba."

Sauran aikin da taga aka yi shi. Sista ta ce daga yau ƙwayar ta bar aljihun Baba, ta koma hannun mai girki. Za ta ƙulle guda ɗaya a 'yar takarda ta ɗora a kan murfin kwano, su tafi gona tare. In abinci ya makara, ƙwaya ma ta makara, babu laifi. Ya fara cin loma kafin ya haɗiye ta. Kafin ya fita da asuba kuma dole ya sa wani abu a ciki, ko ɗumame ne, ko kokon da ya raina. Ya riƙa yawo da dabino uku a aljihu, in ya ji gumi da rawar hannu ya zauna ya ci nan take, ya kira na kusa.

Baba ya ce, "Dabino? Ba ku kuka hana ni zaƙi ba?"

Na ce, "Na ranar faɗuwa ne, ba na hira ba."

"In na ji kamar zan ji rawar hannun fa?"

Sista ta ce, "A ƙirga su kullum da yamma." Daga waje aka ce, "To."

Sista ta ce wannan "to" ɗin ba ta karɓa ba. Na fita na tsuguna kusa da surukar, ta maimaita mini komai da bakinta, har ta ƙara da tambayar da ni ban yi tunaninta ba: ranar Juma'a ba ya zuwa gona, a gida yake karyawa da wuri, yaya za a yi? Na ce duk inda kwanon farko ya same shi, nan ƙwayar za ta same shi. Sista ta rubuta takarda zuwa ga likitan Gwarzo, ta ce a kai masa ya duba ko ƙarfin maganin ya yi wa mai noma yawa.

Saura ɗan. Ya ce, "Sista, na ji duk wannan. In ya sake faɗuwa fa? Ku kuna nan, mu ne za mu ɗauko shi."

Ta ce, "Ba zan rantse maka ba. Amma ka ba shi sati biyu. In ya faɗi bayan an gyara, ni da kaina zan ce ya ajiye."

Ɗan ya juya makullin babur a hannunsa. Baba bai roƙe shi ba, bai ko kalle shi ba, bango yake kallo. Can ɗan ya ce, "Sati biyu. Ko jiri ya ji, shi ke nan." Aka ba su ranar dawowa.

Sati biyun nan duk babur da ya rage gudu a bakin titi sai na miƙe. Na share baranda har Sista ta ce zan cinye simintin. Kuma duk wanda ya zauna a bencina, kafin in buɗe ambulan sai na ce ya ba ni labarin yininsa. Nan na gano mai tallan nono ba ta cin komai sai ta sayar ta dawo, direba kuma abincinsa ya danganta da inda mota ta cika.

Ranar da aka ba su ta zo. Hantsi ya yi, babu su. Na kasa zama. Can sai ga babur, ɗan ne shi kaɗai. Na tare shi tun bai kashe inji ba na ce, "Ina Baba?"

Ya sosa ƙeya. "Wai in gaya muku ba shi da lokacin asibiti, maimai yake yi, noma na biyu. Wai wanda ke son yatsansa ya same shi a gona."

Sista ta ce, "Lallai tsohon nan." Ta sa na'urar gwajin suga da auduga a jaka ta rataya mini. "Hau ki je. In ya yi gardama ki soki babban yatsan."

Ranar na fara shiga gona da safe. Dawa ta kai mini ƙugu, ƙasa a jiƙe, takalmina ya nutse tun a kunyar farko. Na hango shi can tsakiya a duƙe, fartanya na tashi tana sauka. Ya ɗago ya gan ni ya ce, "A'a, amarya ta biyo miji! Tsaya nan, tsaya! Wake kike takawa."

Na ja da baya.

"Nan ma wake ne."

Na tsaya da ƙafa ɗaya har ya ƙaraso. Na wanke masa yatsa na soka, muka sa wa na'urar ido mu uku. Ta nuna daidai. Na tambaye shi jiri, ya ce babu. Rawar hannu, ya miƙo mini hannun ya ce in nemo ta.

Ɗan ya tsaya yana kallon kunyoyin da uban ya gama, ya bi su da ido har ƙarshen gona. Bai ce an bar masa ba, bai ce an karɓa ba. Sai ya ce, "Baba, gefen gabas ɗin nan ciyawa ta yi yawa. In turo a taya ka?"

Baba ya tofa yawu a tafin hannu ya kama ƙotar. Ya ce, "Jibi zan kai can. Kai dai fitar mini da likitar nan ta gefen kunya, kafin ta ƙarasa mini waken."